Jan Ɗigo a Bayan Akwatin Wuta

Ranar da aka kawo kayan, da ruwa aka tashi. Tun kafin a buɗe shaguna hadari ya haɗo ya yi baƙi ƙirin, aka fara da yayyafi, kafin hantsi kuwa ya kece. Kwatar bakin titi ta cika ta tumbatsa, tana turo ledoji da ɓawon lemo har ƙofar shago. Aka ɗauke wuta tun tsawar farko. Injin da ake tayarwa yana waje ƙarƙashin 'yar rumfa, ruwa ya shige shi, aka ja igiya aka ja har kafaɗa ta ƙage, ko tari bai yi ba.

Kawu Sikeli yana zaune a teburinsa can ƙuryar shago, ya naɗe ƙafar wando, yana jin rufi na ɗiga cikin tsohon bokitin fenti. Aikinsa duka na wuta ne, ranar da babu ita sai zaman jira, shi kuwa jira bai taɓa damunsa ba.

Sikeli laƙabi ne, hannunsa ya jawo masa. A cikin gangar kowace kwamfutar tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka a baya da tulin wayoyi a gaba. Shi ke karɓar wutar bango, ya rage mata ƙarfi, ya tace ta, ya raba wa sauran kayan ciki, kowa gwargwadon cikinsa. Akwatin wuta ke nan, kuma shi kaɗai Kawu ya sani a kwamfuta. Idan aka miƙo masa ɗaya sai ya ɗora a tafin hannu, ya ɗaga sau biyu, ya ce wannan da gaske yake, ko ya ce wannan iska ce aka rufe da gwangwani. Na ƙwarai nauyi gare shi, saboda tagullar ciki da farantan da ke shanye zafi. Na banza kuwa sakayau yake.

Karatunsa bai yi nisa ba. Yana aji huɗu mahaifinsa ya kai shi wurin wani mai gyaran rediyo, ya yi shekara bakwai yana shaƙar hayaƙin dalma kafin ya samu teburin kansa. Daga rediyo ya shiga naɗin fanka, daga nan talabijin mai ƙatuwar ƙeya. Da zamani ya juya, mutane suka daina gyara suka koma jefarwa, sai ya zama wuni yake yana korar ƙuda a kan tebur. A lokacin ne ɗan ƙanwarsa ya buɗe shagon haɗa kwamfutoci. Maraya ne, a gidan Kawu ya tashi, kwano ɗaya ya ci da 'ya'yansa. Yanzu ya zama magidanci, duk layin Mai Shago ake ce masa, kuma daga bakinsa kowa ya ɗauki kiran tsohon da Kawu, har waɗanda suka girme shi.

Da Mai Shago ya ce ya zo su zauna tare, Kawu ya ce shi me ya sani a kwamfuta, ko sunansa aka ce ya rubuta a kai sai dai ya yi kallo. Mai Shago bai yi musu ba, ya kwance akwatin wuta guda ya ajiye masa. Kawu ya buɗe, ya daɗe yana leƙe. Ga taransifoma, ga naɗin tagulla, ga kafasita a tsaitsaye. Ya ce ashe 'yan gidansu ne suka canza riga. Washegari ya zo da kayan aikinsa a bayan keke.

Ɗagawa a hannu dai somin-taɓi ne. Bayan nan sai ya kwance notuna ya duba ciki, ya ga ko an cika gurabe ko an bar su wayam. Sai ya kai akwatin wurin katakonsa, wani dogon katako da ya jera wa ƙwayayen fitilar mota guda goma, kowane da makunninsa. Ya haɗa koriyar waya da baƙa akwatin ya tashi, ya jona rawaya a katakon, ya riƙa kunna ƙwai ɗaya bayan ɗaya yana kallon allurar mita. Akwatin da aka rubuta wa wat ɗari shida, in mai gaskiya ne, zai riƙe takwas ko tara allura ba ta motsa ba. Yana cikin haka zai ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a bayan kunnensa, ya rufe ido. Yakan ce fankar kirki numfashi take yi kamar jariri mai barci, wadda ta fara surutu kuwa akwai abin da take ɓoyewa.

Wanda ya tsallake duk wannan, sai Kawu ya ciro 'yar kwalbar jan farce daga aljihu ya ɗiga masa ɗigo ɗaya a baya, dama da fanka. Tun zamanin rediyo ya fara, bayan wani ya kawo masa rediyon da aka jagwalgwala a wani wuri ya rantse aikinsa ne. Ranar ya ɗauki kwalbar matarsa, bai mayar ba. Tun daga nan da kansa yake zuwa saye wurin wata mai kayan kwalliya, ita kuwa ba ta fasa tambayarsa ko na hannu za a shafa yau ko na ƙafa. Shekara talatin da wani abu ɗigon nan bai ba kowa kunya ba. Har ta kai mai saye ba ya tambayar komai sai ya juya bayan kwamfuta ya leƙa. In da ɗigo, ya ɗauka. In babu, ya ce a kai wa Kawu tukuna.

To ranar ruwan nan, Mai Shago yana da alkawarin kwamfuta ashirin da huɗu da za a ɗauka da sassafe: sha biyu na wata makarantar koyon kwamfuta, shida na ofishin masu awon filaye, huɗu na wani ɗakin gwajin jini, biyu na wata mai buga takardu. An haɗa komai, akwatunan wuta kaɗai ake jira. Sai ga dillalin ya shigo jiƙe sharkaf, wani mai zaƙin baki da ake kira Sabon-Shigowa, domin duk abin da ya kawo haka yake cewa. Akwatunan baƙaƙe ne, suna ƙyalli, an rubuta ɗari shida da ruwan zinariya, kuma kowane an liƙa masa 'yar takarda a kan noti ɗaya, wai wanda ya yaga ba a karɓar kaya in ya dawo da su.

Kawu ya ce a jira wuta. Aka jira har azahar, har la'asar ta gota, ruwa bai tsagaita ba, wuta ba ta dawo ba. Mai Shago ya kasa zaune ya kasa tsaye. Can ya zo ya durƙusa gefen teburin, ya kwantar da murya.

"Kawu, don Allah ka ɗaga kawai. Yaushe hannunka ya taɓa yi maka ƙarya?"

Sabon-Shigowa ya karɓe, ya ce ai duk garuruwan da yake yawo labarin hannun nan ake yi, mai irin wannan baiwa me zai yi da ƙwan fitila. Kawu ya san daɗin baki ne. Ya sani sarai, amma ya shige shi. Ya miƙa hannu aka ɗora masa ɗaya. Nauyi har ya fi waɗanda ya saba da su. Ya ɗaga na biyu, haka. Ya bi su duka ashirin da huɗu, bai yaga takarda ko ɗaya ba, bai ji kukan fanka ko ɗaya ba, ya ciro kwalba ya bi su da ɗigo. Saboda danshi jan farcen ya ƙi bushewa, sai da aka riƙa yi masa fifita da kwali.

An yi kamar sati shida sai mai buga takardun ta aiko a kira shi. Mace ce mai baki, shagonta yana ƙasan wani bene kusa da kotu, inda take buga wa mutane wasiƙu tun zamanin tafireta. Yana jingine keke ta tare shi da cewa an sayar mata da kwamfuta da sauro a ciki, tun safe yake mata kuka a kunne, kuma sau uku ke nan abin yana mutuwa ya tashi da kansa, ta rasa rabin wasiƙa. Kawu ya sunkuya ya kasa kunne. Bai ji komai ba sai ƙarar fanka, ita ma ta fi yadda ya kamata. Ya ce shi bai ji sauro ba.

"Kunnen ne ya yi ritaya bai sanar da kai ba," in ji ta. "Sa ƙarfen naka ka ji."

Ya ɗora sukudireba, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunne. Ga shi nan kuwa, siririn kuka mara yankewa, yana huda kai. Ya sa tafin hannu a bayan fanka, iskar da ke fita zafi rau, da ɗan warin ƙonanniyar leda. Ya kashe, ya zare akwatin, ya sa farce ya yaga takardar nan, ya kwance murfin a kan teburinta, tsakanin takardun mutane.

Farantan shan zafi sirara ne kamar an yanko su daga gwangwanin madara. Rabin guraben allon babu komai, an tsallake su da 'yar waya. Wayoyin nan masu kauri a ido, ya fere ɗaya, duk roba ce, zaren ciki bai fi gashi uku ba, kuma da ya kawo maganaɗisu kusa sai ya manne, ke nan ba ma tagulla ba ce. A kusurwa kuma ga wani ƙaton abu naɗe da rawayar leda, ya yi zaman taransifoma, an fito masa da wayoyi biyu da ba su je ko'ina ba. Ya ɓamɓare shi ya warware. Guntun ƙarfe ne irin na rodin gini, har da tsatsa, an manna shi da gam. Wanda ya ƙera abin nan ya san akwai masu ɗagawa a hannu, don su ya yi.

Kawu ya zauna a kan benci da ƙarfen a hannu. Matar ta ga fuskarsa, ta bar zolaya, ta zuba masa ruwa a kofi. Sai da ya sha ta ce, a hankali, ita fa ba ta san ɗari shida ba, ba ta san ɗari biyu ba, ɗigonsa ta duba ta ɗauka. Ya zare na ɗaya kwamfutar ma, ya ɗaure su a bayan keke, ya ce kafin yamma zai kawo mata wasu.

A ɗakin ajiya ya samu Mai Shago, ya ja ƙofa, ya ajiye masa ƙarfen a kan kwali. Mai Shago ya juya shi, ya juya, ya yi tsaki, ya kira Sabon-Shigowa, waya a kashe. Daga nan ya fara kame-kame. Ya ce ai mutanen nan wasiƙa kawai suke bugawa, ba za su ja wutar da za ta kashe abin ba. Ya ce duk wanda ya mutu shi zai canza a ɓoye, ba wanda zai ji. Ya nuna sauran akwatunan da dillalin ya kawo, jibge har rufi, guda sittin, ya ce waɗannan fa, ya zuba su a kwata? Abin da yake roƙo kaɗan ne, Kawu ya ja bakinsa ya tsuke, ya ɗiga wa sauran, in sun ƙare ba za a ƙara sayen irinsu ba har abada.

"Na ɗakin gwajin jinin fa?" in ji Kawu. "Irin wannan in ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, da kwamfutar yake tafiya. Wani lokaci har da ɗakin."

"Kawu, ai ba dole ne hakan ta faru ba."

"Ni kuma da na ɗiga, cewa na yi ba za ta faru ba."

Da yamma a gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta bar shi har ya gama juya cokali, sannan ya ba ta labari. Ya ce yaron nan ɗansa ne, in ya yi magana ya karya shi, in ya yi shiru ya ci amanar waɗanda suka yarda da shi. Ta ce tun kafin ya shigo gidan ya san abin da zai yi, wanda zai hana shi yake nema, kuma ya yi ɓatan kai, ba ita ba ce. Ta tura masa kwanon ta ce ya ci tukuna, rigimar ba gudu za ta yi ba.

Ya so ya bi abin a hankali. Kwana uku yana zuwa shago yana gyaran tsofaffin akwatuna don ya maye gurbin waɗancan, yana jiran Mai Shago ya sauko. A rana ta huɗu, yana wucewa da safe, mai kayan kwalliya ta ɗago masa hannu ta ce ashe abin gado ne, ɗansa ma ya fara kwalliya. Bai gane ba sai da ya iso ya tarar ana ɗora kwamfutoci biyar a bayan mota. Ya leƙa bayan ɗaya. Da ɗigo. Ya fi nasa girma, jan ya fi haske, kuma hagu da fanka aka sa.

Ya shiga ya tsaya gaban Mai Shago ya tambaye shi wa ya sa. Mai Shago bai ɗago ba.

"Jan farce ne, Kawu. A kasuwa ake sayarwa, kowa na iya saye. Kuma shagon nan nawa ne."

Kawu ya daɗe yana kallon kan da ya sha askewa da hannunsa. Ya ce gaskiya ne, shagonsa ne.

Washegari da hantsi, lokacin da layin ya cika, ya fito da katakonsa bakin titi ya ɗora a kan benci biyu. Bai taɓa wutar shagon ba, daga wurin maƙwabcinsu mai aski ya jawo doguwar waya. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da rabin kai, mai faci ya bar taya cikin ruwa, masu shaguna da masu saye suka zagaye. Mai aski ya tambaya wa za a haska da rana tsaka. Kawu ya ce ya tsaya ya gani.

Ya fara da wani tsohon akwati da fentinsa ya koɗe, wanda ya yi shekara tara yana aiki a wani ofis. Ya kunna ƙwai ɗaya, biyu, har tara, duk suka kama fes, allura ko gezau. Ya ce mai aski ya kawo kunne. Mai aski ya sunkuya ya ce shi dai bai ji komai ba, ko ya mutu ne? Kawu ya ce haka mai lafiya yake.

Sannan ya ɗauko baƙin, na biyun mai buga takardu, wanda ba a buɗe ba. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa kowa ɗigon, ya ce su duba da kyau, shi ya sa wannan da hannunsa. Ya ba mutum biyu uku suka ji nauyi, suka gyaɗa kai. Ya jona. Ƙwai na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku fanka ta ɗauki kuka kamar keken ɗinki mara mai. A na huɗu hasken ya yi ja, allura ta fara zamewa ƙasa, wari ya tashi har na baya suka toshe hanci. Kawu ya ce a ja baya. Bai kai ga na biyar ba abin ya yi wata ƙara tau, fitilu suka mutu gaba ɗaya, farin hayaƙi ya biyo ta fanka.

Ya jira ya huce, ya buɗe, ya ɓamɓaro ƙarfen, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Mai faci ya ce a ba shi, ya samu abin danne faci. Wasu suka yi dariya, Kawu bai yi ba. Ya ciro reza ya kankare ɗigon har farin ƙarfe ya fito.

"Ban gwada ba na sa," ya ce, bai ko ɗaga murya ba. "Ɗagawa kawai na yi, aka yabe ni na ji daɗi. Ƙarya na yi wa mutane. Daga yau duk wanda ya ga jan ɗigo a bayan kwamfuta, kada ya ce Kawu ya gani. Babu ɗigo kuma."

Bai kama sunan kowa ba, bai ce wani ya sayi kwalba ba. Amma kwamfutoci biyar na jiya kowa ya ga fitarsu. Mai Shago yana tsaye a ƙofa ya harɗe hannu, idonsa ya kaɗa. Da mutane suka fara watsewa ya tambayi Kawu ko ya gama. Kawu ya ce ya gama. Mai Shago ya ce to yana buƙatar ƙuryar nan, kaya zai zuba. Mai aski ya fara ba da haƙuri, Kawu ya ɗaga masa hannu. Kayan aikinsa tun da safe ya ɗaure su a buhu, suna bayan ƙofa.

Bayan kwana biyu ƙanwarsa ta zo gidan, ta ɗosana a bakin kujera.

"Yaya, ɗan da ya tashi a hannunka, shi za ka fita titi ka yi wa tsirara?"

Ya ce kansa ya yi wa, ko sunan yaron bai kama ba. Ta ce ai ba sai ya kama ba, tun jiya masu saye ke dawo da kaya. Ta tuna masa ranar da mijinta ya rasu, yadda ya ɗauki yaron a kafaɗa ya ce daga yau nasa ne. Wannan ta taɓa shi, ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago ya ce har gobe nasa ne, kuma in ya yarda a buɗe akwatunan nan, shi zai zauna ya cike gurabensu ɗaya bayan ɗaya, ko shekara zai ɗauka. Amma ya koma ya zauna ana ɗiga ƙarya da sunansa, ko mahaifiyarsu ce ta taso ta roƙe shi, sai dai ta yi haƙuri. Ta tashi da kuka, ta bar ruwan da aka kawo mata. Wata huɗu ba ta taka gidan ba.

Shi kuwa ya hau keke ya bi sawun ɗigonsa. Ɗakin gwajin jini ya fara zuwa da akwatuna huɗu da ya gyara, ya faɗa wa mai wurin gaskiya tun daga ƙofa, ya canza su a tsaye. Mutumin ya wanke shi tas, sannan ya rako shi har bakin titi. A makaranta shugaban ya ce kwamfutocinsa lafiya suke aiki, ba mai taɓa masa su, ya sa mai gadi ya fitar da shi. Kawu ya samu dutse a bakin ƙofa ya zauna da guntun rodin a hannu. Duk wanda ya tambaye shi me yake jira, ya nuna masa ya yi masa bayani. Ranar farko haka, ta biyu haka. A ta uku shugaban ya leƙo ya ce don Allah ya shigo, ya daina tara masa jama'a. Kawu ba shi da akwatuna sha biyu a hannu, sai ya kankare ɗigon duka, ya ce kada a bar su a kunne babu kowa a ɗakin. Ya riƙa bin masu sayen tsofaffin ƙarafa yana tsinto matattun akwatuna na ƙwarai, ya tayar da su, ya kai biyu yau, ɗaya wani satin. Sai da ya cinye kusan shekara kafin ya gama.

Biyar ɗin da ba shi ya ɗiga wa ba ma ya je ya faɗa wa masu su. Wasu suka ji, wasu suka ce rigimar gida ce ya kawo musu. A ofishin masu awon filaye ya samu huɗu cikin shidan da ya ɗiga wa. Biyu an ba wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, ya tafi da su, ba wanda ya san takamaimai inda ya nufa.

Shagon bai rufe ba. Ya yi sanyi na wasu watanni sannan ya farfaɗo, Mai Shago ya ɗauki wani mai gyara ya zaunar a ƙuryar. Sauran akwatunan an wayi gari babu su. Wasu suka ce wata kasuwa aka kai su, mai aski kuwa ya ce masu sayen ƙarfe aka auna wa, su kam ba a cuce su ba. Kawu ya tambaya sau ɗaya, ba a ba shi amsa ba. Mai Shago yakan zo gaishe shi a gida, ya durƙusa, a yi maganar yara da lafiyar jiki, ya tashi. Ba mai ɗauko zancen shago.

Yanzu Kawu Sikeli yana ƙarƙashin matattakalar benen nan na kusa da kotu. Mai buga takardu ce ta yi wa mai gidan magana aka ba shi wurin, tebur ɗaya da kujera da soket. Wurin ba ya ɗaukar mutum biyu a zaune, saboda haka wanda ya kawo akwati a tsaye yake jira, a buɗe a gwada a gabansa, ya gani da idonsa, ya ɗauki abinsa babu wata alama a jiki. Masu gaggawa ba sa zuwa. Yakan fito da safe ya tashi da la'asar, kuma idonsa ya fara rauni, ya koma sa tabarau. Cikin ashirin da huɗu ya samu ashirin da biyu. Biyun da suka rage, duk wanda ya zo daga wani gari sai ya tambaye shi, har yau bai same su ba.